Duman da Ka Zana da Gawayi

Zuwa ga autana Sani, a Fatakwal ko duk inda Allah ya aje ka. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aikin man fetur? Ni ce innarka daga Babban Duhu. Sabon malamin makaranta ke rubuta mani, direban shanu zai kai wasiƙar kudu ya yi cigiyarka.

Auta, tsoro nike ji. Damina huɗu ke nan ba kai ba labari. Baffanninka sun zauna sun ce ka rasu, ran Juma'ar sama za a yi maka sadaka. Matansu kuwa dumanka suke so su yanke, su zuba gumba a ciki.

Ka tuna shi? Babban nan, zagayayye, da ka ɗauka a bayan ɗakina kana koyarwa a Safana. Ka zaga cikinshi da gawayi, ka ce wannan ita ce babbar da'ira, nan kaɗai ake yankawa a samu rabi biyu daidai. Na ce shekara arba'in ina fafe duma, wa ya taɓa gaya mani sunanta? Ka yi ta dariya.

Ka soka tsinke tun daga hanci har gindi, ka ce diyamita. Daga tsakiya zuwa baya kuma wani suna, ya ɓace mani. Malam ya ce radiyos. A bakinshi bai yi kama da naka ba.

Ka ce can ciki akwai tsakiya, ba a ganinta, amma ko'ina na jikin duman nisanshi ɗaya da ita. Ban gane ba sannan, ban kuwa tambaye ka ba, ina sauri tuwo zai ƙone.

Ran tafiyarka ka ce, Inna, kar a yanka sai na dawo, ban gama da yara ba.

Na ɓoye shi a rumbu cikin gero. Idona ya yi rauni, zanen ma ya fara gogewa, ina tsoron shafa shi. Matan baffanninka kuma ba su san zane ba, karkata shi za su yi.

In kana da rai, ɗana, aiko ko da kalma guda kafin Juma'ar. In ban ji ba, ba ni da ƙarfin musu da maza. Ni zan ɗauki wuƙar da kaina.

Allah ya tsare ka inda kake. In ka riga ni, Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe mani yankan.

Innarka,
Ladi mai ƙwarya.