Jingar Bayan Gida

Litinin, 3 ga Muharram 1343

Gulbi ya cinye garkar matata Saude, barkono da kuɓewa duka. Tun da nake a Bungudu ban taɓa ganin ruwa ya zo nan ba. Na hau soro na fasa indararon da ya toshe, na rufe kan katanga da zana. Makubar da na shafa da rani duk ta wanke. Ƙafata har tana nitsewa a kan rufin.

Alhamis, 6 ga Muharram

Na kira gayya don a tayar da jinga a bayan gida, ta tare ruwan. Saude ta dama fura mai yawa. Mutanen da suka zo ba su kai a kira su gayya ba; kowa yana fama da nasa bangon. Muka yi ta jidar ƙasa a kwando har la'asar. Jingar ta kai ƙugu. Furar da ta rage ta yi tsami.

Ƙanena Ɗahiru ya zo daga Furfuri, ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Yaya Mas'udu, ƙasa za ka tare gulbi da ita? Ku taho wurina, tudu ne." Na ce ya ɗauki kwando ko ya koma. Ya ɗauka.

Juma'a, 7 ga Muharram

Ruwa tun hantsi. Ban je masallaci ba.

Lahadi, 9 ga Muharram

Jatau, maƙwabcina na gangare, ya yi sallama. Ya ce jingata tana karkata ruwa zuwa gindin ɗakin matarsa, in yi wa Allah in buɗe mata baki kaɗan. Na ce in na buɗe, ɗakin Inna zai fara ci. Ya ce, "To, Malam." Ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gaskiya ya faɗa. Na zagaya na gani da idona.

Laraba, 12 ga Muharram

Katangar gabas ta zauna. Ba ta yi ko ƙara ba, ta dai sulale kamar tuwon da bai dahu ba. Gindin rumbu ya jiƙe. Muka fitar da dammunan gero, na ƙasa sun fara tsiro. Ɗahiru ya kwashi masu kyau a kan jakai.

Na durƙusa gaban Inna na roƙe ta ta bi shi zuwa Furfuri. Idonta ya daɗe da rufewa, amma ta san kowace azara ta ɗakin nan, tana kusa lokacin da Baba ya ɗora su. Ta shafa bango ta ce, "Sanyi ne kawai ya kama shi. Ba ni zuwa ko'ina. Nan aka kawo ni, nan za a fitar da ni."

Na ƙara wa jingar ƙasa. Duk kwandon da na zuba, ina kallo ruwa yana lashe shi. Ban san don me nake yi ba. In na zauna kuma ba na iya zama.

Asabar, 15 ga Muharram

Ɗakin matar Jatau ya faɗi jiya. Ba wanda ke ciki, alhamdu lillahi. Awakinsa ne ruwa ya tafi da su. Ban iya zuwa jaje ba.

Talata, 18 ga Muharram, a Furfuri

Shekaranjiya da walaha jingar ta ɓalle. Ba daga inda nake tsaro ba, daga can gefen rumbu. Kafin in kai tsakar gida ruwa ya kai mini ƙirji, ja wur, da kara da mushen kaji. Saude ta riga ta fita da yara. Na goya Inna, tana dukan kafaɗata tana cewa in sauke ta. A ƙofar zaure ƙafata ta zame. Wani ya riƙe mini wuyan riga. Jatau ne, da babban goran fito. Muka kwantar da ita a kai, muka tura har tudu. Ya ja goransa ya koma.

Daga tudun na ga soron ya durƙusa. Inna ta ce, "Yana nan?" Na ce yana nan.

Alhamis, 20 ga Muharram

Ba na iya cin tuwo. Hannuwana duk sun tsattsage.

Litinin, 1 ga Safar

Inna ta daina tambaya. Yau ta sa Saude ta zagaya da ita ɗakin da aka ba ta, tana lalubar bango har ta gane ƙofa da kanta. Ashe ta san gidan ya faɗi.

Na aika wa Jatau akuyar Saude mai ciki. Bai mayar ba.

Ɗahiru ya ja ni bayan gidansa, wai in ga wani fili. Na ce masa da kaka zan koma Bungudu in tayar da gidan Baba, kada ya wahalar da kansa. Bayan ya wuce na ɗan tsaya. Na ɗebi ƙasar wurin na murza. Tana da danƙo, za ta yi tubali. Dubawa kawai na yi.