Ashanar Ranar Asabar

Budapest, 9 ga Maris, 1946

Zuwa ga 'yata Lenke,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, tarin nan kuma ya sake ki. Ni ina nan, gwiwoyi ne kawai suka daina jin magana.

Wasiƙarki ta iso, na ga tambayarki: wa ya tona asirin mahaifiyarki. Sati uku ina ɗauka ina ajiyewa. Ki yi haƙuri in faro daga tushe, tsohuwa ba ta san yanke ba.

Shekara ashirin da biyu ni ke kunna muku murhu duk Asabar, tunda addininku na Yahudu ya hana ku taɓa wuta ranar. Kin tuna mahaifiyarki Szeren ba ta taɓa cewa in kunna ba, don roƙon ma an hana. Sai dai ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Boriska, yau akwai sanyi." In ce, "Ke da Allahnki kun iya aike. Yanko mini burodin nan mai kitso."

Bayan an tafi da ke aikin dole lokacin yaƙi, Szeren ta samu takardun wata Kirista da mijinta ya rasu, ta kama ɗaki da sunan matar a unguwar Obuda inda ba wanda ya san ta. Ta riƙe hannuna ta ce kada in zo, ko da wasa. Na yi alkawari.

Sai sanyin Nuwamba ya sauko. Wata Asabar da safe na tashi, ruwan bokiti ya daskare. Na san halinta, gara ta sandare da ta ƙyasta ashana. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka kai ni. Ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi ashanar, ta matsa na shiga. Na kunna, na fito ina jin na yi abin kirki.

A ƙasan bene na tarar da matar Demeter mai kula da gidan tana shara. Ta ce, "Baba, hannunta ya karye ne, har sai an zo daga wata unguwa an hura mata wuta?" Lenke, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai yau Asabar ce."

Tsintsiyar ta tsaya.

Na so in koma sama in gaya wa Szeren. Tsoro da kunya suka hana ni, na ce wa kaina ƙila matar ba ta gane ba. Ran Litinin na kasa zama, na koma, na tarar samarin nan masu farautar Yahudawa, masu alamar kibiya a damtse, suna fitowa da Szeren. Ta wuce ta gabana kamar ba ta san ni ba, don kada su haɗa da ni. Bakin kogi suka nufa, inda suke harbe mutane. Sauran kin sani.

Matar Demeter ce ta kai rahoto, amma ni na ba ta abin kaiwa, kuma kwana biyu ina da damar magana na yi shiru. Ban roƙe ki gafara ba, ba ni da bakin. Kin tambaya ne, kuma 'yar Szeren ba ta cancanci ƙarya ba.

Alkukin kyandir ɗinta biyu suna wurina, na goge su. Ki faɗa mini inda zan aika, ko da ba ki son sake ganin rubutuna.

Yau Asabar ce. Murhuna a kashe yake, akwai sanyi, ba kuma mai gaya mini.

Ki gaida mijinki. Allah ya tsare ki.

Goggonki, in har kin bar mini sunan,
Boriska