Baƙin Inna Luba

Tsafe, 4 ga Jimada Awwal 1346

Zuwa ga ƙanena Abdulsalami, magatakardan alƙali a Gusau. Gaisuwa da fatan alheri.

Labarin da ka ji gaskiya ne. Ranar Talata dogarai suka zo ɗiban mutane aikin hanyar jirgi karo na uku, ga dawa ta nuna a gona. Muka ce ba mai zuwa. Muka kore su, muka ƙone rumfunan sansanin aikin. Ina ciki, kuma ban yi nadama ba.

Abin da ya biyo baya ne ban so ba. Akwai magina uku masu ɗora dutsen gada, waɗanda ake kira 'yan Sifaniya. Baturen aikin ya tsere a kan doki ya bar su a ƙasa. Aka cim ma babbansu a bakin rafi aka kashe shi. Biyun suka shigo gari a guje, suka faɗa zaurenmu, ɗaya kansa duk jini.

Inna tana daka, ta fito da taɓarya ta tare ƙofa. Masu binsu sun fi mutum arba'in, Dogo mahauci a gaba. Ya ce ta kauce, Nasara ne. Ta ce ta sha ganinsu suna cin tuwo da hannu cikin leburori, neman abinci ya rabo su da garinsu.

"Wanda ya sa aka kwashe 'ya'yanmu ya hau doki," in ji ta. "Waɗannan baƙina ne. Mai son su, ya fara da ni."

Na fita daga taron na tsaya kusa da ita. Kafin la'asar kowa ya watse. Jiya muka sa musu riguna, muka haɗa su da fatake zuwa wajenku.

Yayanka,
Halliru

Gusau, 11 ga wata

Zuwa ga Yaya Halliru. Gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Bayan haka, baƙin sun iso. An tambaye su, sun ce ba su riƙe fuskar kowa ba. Don haka Di'o, Baturen mulki, ya ce a kawo Inna, zai yi mata kyauta, ita kuma ta lissafa waɗanda suka tsaya a ƙofarta. Ina tsoron sunanka ya fito. Ka tafi Bungudu wajen Kawu Mas'udu tukuna. Shawarata ita ce Inna ta ambaci Dogo kaɗai, tunda ana cewa shi ya yi kisan, sauran su tsira.

Ƙanenka mai biyayya,
Abdulsalami

Gusau, 19 ga wata

Zuwa ga Yaya, a Bungudu. Gaisuwa mai yawa.

Inna ta zo a kan jaki, kuma ni aka sa na rubuta maganarta, ba wanda ya san uwata ce. Ta ce kisan bakin rafi ba ta gani ba, ba za ta yi shaidar abin da ba ta gani ba. Waɗanda suka zo ƙofarta kuwa sun koma ba su taɓa kowa ba, ba ta da ƙara a kansu. Aka ajiye turmin zane a gabanta, ta ce a mayar, ba don shi ta tsaya ba. Sannan ta tambayi Di'o yaushe zai sako mutanen da aka ɗiba su girbe dawarsu.

Tafintan Di'o ya ji tsoron fassara tambayar. Ni na maimaita tambayar da ƙarfi har ya faɗa. Di'o ya daɗe yana kallonta, ya ce a sallame ta. Ban san ko zan daɗe a kan aikina ba. Amma da na fito na riƙe mata jaki, a gaban dogarai na ce uwata ce. Na ji kunyar shawarar da na bayar.

Abdulsalami

Tsafe, 26 ga wata

Abdulsalami, gaisuwa.

Na dawo gida. Inna ta aika aka kira Dogo, suka daɗe a zaure. Ta ce masa ita ba za ta kai shi ba, amma mamacin nan yana da uwa. Zai iso gaban alƙali ranar Alhamis da ƙafarsa. Ka rubuta abin da ya faɗa daidai.

Allah ya tsare.
Halliru