Likkafanin Atika Yana Wurno

Litinin, 7 ga Agusta, 2023

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, tsaya ka amsa. Baƙo ne daga ƙasar Nijar. Bai da kati, bai gaida soja, bai sauka a bincike shi. Yakan huta Goronyo, ya ratsa ta bayan Wurno ya yi gaba abinai, kuma ko ka durƙusa mishi ba ya kai maka saƙo inda ya fito. Wane ne? In ba ka sani ba, rufe ka mayar ƙarƙashin buhun tafarnuwa inda ka ɗauko.

Ni dai ba ni ce baƙon ba. Ni Tani ce, ina da kati, ina gaida soja, amma an rufe mini iyaka.

Juwairiyya ta bugo da safe daga Gidan Rumji. Ta ce uwarta Atika ƙafafu sun kumbura, fura ma sai an matsa mata. Ta ce, "Inna Tani, ba wasa ba ne wanga karon."

To ni ina zan sani? Atika ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, tun muna tallar gyaɗa muke yi wa juna ƙarya. Duk watan cika-ciki sai ta aiko cewa ta kusa mutuwa in zo da kaji, ni kuma in aika cewa na riga ta, ta zo da rago. Bana ma saƙonta ya shigo wayata cikin cika-ciki: "Guntuwa, taho, na kusa." Na yi dariya har da tari. Na mayar mata cewa ta jira in gama shanya kuɓewa. Lokacin hanya a buɗe take. Kwana kaɗan sojan can sunka kifar da gwamnati, namu sunka yi fushi, anka garƙame iyaka.

Muryar tata kam ta yi sanyi a saƙon nan. Na ɗauka ta ƙware ne.

Laraba, 9 ga Agusta

Na faɗa wa Ma'azu za ni Nijar. (Ɗana na biyu. Na farin ba ni faɗin sunanai ko a takarda.) Ya aje cokali ya dube ni awa na ce za ni duniyar wata. Wai manyan motoci sun yi layi a Illela albasa na ruɓewa cikinsu, wai ana zancen yaƙi a rediyo, wai hanyar Sabon Birni ta mutanen daji ce yanzu, wai guiwata. Na ce guiwata ita ta ɗauke shi wata tara ba ta kai ƙara ba.

Ya ce in yi haƙuri a buɗe. Na ce ya je ya faɗa wa ƙafafun Atika su yi haƙuri a buɗe.

Bai ƙarasa tuwon ba. Yaron kirki ne, tsoro ne ya yi mishi yawa.

Juma'a, 11 ga Agusta

Na fiddo ajiyar daga ƙasan adaka na shanya a ɗaki, kada yara su gani su ruga. Fari fat, ko asu bai taɓa ba.

Bari in rubuta yadda anka yi, don in na mutu a hanya kada a ce tsohuwa ta haukace. Shekarar da anka yi wa Juwairiyya aure, Atika ta zo Sakkwato sayayya, munka shiga kasuwa tare. Munka ga farin yadi mai kyau, ta ce mu saya mu aje wa ranarmu. Mai shagon ya yanka biyu, nata ya fi tsawo don ita doguwar banza ce, ni kuwa ko tuƙa tuwon biki sai na taka turmi. Da munka fito sai ta fizge guntun ta cusa a jakarta, ta miƙo mini dogon. Ta ce, "Riƙe nawa in riƙe naki. Kowacce ta riga, dole a kira ɗayar. Ke za ki wanke ni, ba ni son hannun baƙo." Ni ce ke wankan gawar mata a unguwarmu, ta sani. Na ce to, in ni na riga fa? Ta ce za ta yi ƙoƙari, tunda ba ni da yawa.

Ka ji. Likkafaninta na Wurno, nawa na Gidan Rumji.

Ita ce kuma ta hana ni cin kifin gulbi. Gulbin Maraɗi ta bayan gidansu yake bi kafin ya shigo ƙasarmu ya haɗe da namu, sai ta ce duk damina nan take zuwa ta goge kaushin ƙafarta, mu kuma mu tare a Goronyo mu sha. "Sauran wankin ƙafata kuke noma da shi, shi ya sa tafarnuwarku ke wari." Na rantse mata ba ni ƙara taɓa ruwan gulbi. Abin wasa ya zama hali. Jikokina sun ɗauka kifi ne ba ya karɓa ta.

Lahadi, 13 ga Agusta

Waya ba ta shiga. An ce namu sun yanke musu wuta, sai an kai caji wurin mai inji.

Talata, 15 ga Agusta

Maigidana ya zo. Shafi'u ke nan, jikana, ƙato da gemu da 'ya'ya uku, yana kabu-kabu a Goronyo. Ya shigo yana tambaya ko amaryarsa ta dafa mishi wani abu ko ya ƙaro wata. Na ce ya ƙaro, in ya samu mai son mijin da ke warin fetur.

Da munka keɓe na faɗa mishi. Bai ce mini guiwa ba, bai ce mini rediyo ba. Ya ce akwai hanya ta gefen Gada, cikin gonaki, masu babur na ƙetarawa da mutane kullum, shi ma ya kai wasu. In mun fita titin can sai in hau mota. Amma rairayi ne da kwazazzabai, kuma ba a tsayawa.

"Tsohuwa, rabonki da babur?"

Na ce tun ubanai na da gashi.

Sai ya ce a fara makaranta. Munka fita bayan gari ta hanyar fadama, na hau, na damƙe rigarsa. Ya ce in saki wuyanai in kama ƙugu. Na ce ashe dama abin da yake nema ke nan. Ramin farko na kira sunan Allah, na biyu na kira sunan uwata, na uku ɗankwali ya tahi. Mata masu cirar shinkafa sunka miƙe tsaye suna kallo.

Yanzu zama ma da dabara nike yi. Gobe kuma.

Alhamis, 17 ga Agusta

Bara'atu mutuniyar Rabah, wadda ke kawo mana daddawa, ta ƙetara satin jiya ta dawo. Na ja ta ɗaki. Ta ce kada in ɗauki buhu ko ɗaya, duk abin da ya yi kama da haja ana saukewa. Tafarnuwar da na ƙulla wa Atika ta zauna. Na nuna mata yadin, ta ce sabon yadi a ninke ai shi ne haja. Sai dai in naɗa a jiki, ƙarƙashin zane.

Da ta tahi na rufe ƙofa na gwada. Ya zagaye ni ya sake zagayowa, doguwar banza. Na fito tsakar gida, matar Ma'azu ta dube ni ta ce, "Inna, damina ta karɓe ki, kin yi ƙiba." Na ce fura ce.

Na koma ɗaki na kwance da sauri. Na ninke yadin na mayar adaka. Na naɗa wa mata da yawa, ban taɓa jin shi a fatata ba. Sanyi gare shi.

Ganyen magarya da kafur na ƙulle su a bakin zane. Na san akwai magarya a Nijar. Tawa nike so.

Asabar, 19 ga Agusta

Waya ta shiga! Juwairiyya ta kara wa Atika ita a kunne.

Na ce, "Doguwa, an ce kina ta raki."

Ta ce, "Kuɓewar ta bushe?"

Na ce ta bushe, ina tahe, har makarantar babur na shiga saboda ita. Ta yi wani abu da na san dariya ce. Ta ce a ɗaure ni da igiya kada iska ta ɗauke. Ta ce wai in na faɗo na karye wa zai wanke ta, kuma wa zai wanke ni, tunda ita ba ta iya tashi.

Na ce ta riƙe bakinta ta jira ni.

Ta ce, "Ina jira. Amma kin san ni da gajen haƙuri."

Sauran maganar Juwairiyya ce. Maganin da ke sauke mata ruwan jiki ya yanke a garin tun da anka rufe hanya. Ta karanto mini sunan, na sa Shafi'u ya rubuta.

Litinin, 21 ga Agusta

Asiri ya tonu. Matan fadama sun kai wa matar Ma'azu labarin ɗankwali.

Na shirya faɗa, har na tanadi maganganu. Ma'azu ya shigo bayan la'asar ya zauna bakin ƙofa. Sai ya turo mini leda. Maganin Atika ne, ashe Shafi'u ya ba shi sunan, ya je har Sakkwato ya samo, da man zafi na guiwa, da hular kwano ta masu babur.

Ya ce, "Inna, in kun ji harbi ku juyo. Ki yi mini wannan."

Na ce to. Na sa hular na tambaye shi ko na yi kama da sojan da sunka yi juyin mulki. Ya yi dariya yana share ido, wai hayaƙin murhu ne. Ba a hura wuta ba.

Maganganun da na tanada sun yi kwantai.

Laraba, 23 ga Agusta

Goronyo, gidan Shafi'u. Da asubar yau za mu tashi, sai sama ta ɓalle tun jiya. Abokan sana'arsa sun ce kwazazzaban gefen Gada sun cika, sai jibi in rana ta fito. Matarsa ta soya kifi, na ce ba ya karɓa ta. Na ci ɗumame.

Ina zaune da naɗi a ƙugu tun safe, na ƙi kwancewa. Wai ko za a ce mu tashi.

Alhamis, 24 ga Agusta

Da hantsi. Ina ganin sunan Juwairiyya a waya na sani.

Ta ce bayan sallar asuba ne, ba wahala. Ta ce cajin kaɗan ne, in saurara. Atika ta bar saƙo tun shekaranjiya: a sa mata na Guntuwa da ke cikin kwallarta, in ƙafafunta sun leƙo a ce laifina ne. Kuma a aje waya kusa lokacin wanka, ni zan faɗi yadda za a yi.

Akwai tsohuwar da ke yi musu wankan gawa, ta san aikinta, na ji daga yadda take motsa ruwa. Ba ta buƙatar ni. Amma ta ce, "Bismillah, Yaya, muna jin ki." Allah ya saka wa matar nan.

Na ce su fara da dama. Na ce su bi kafaɗar hagu a hankali, ta taɓa gocewa tun muna yara, ni na turo ta daga kan jaki. Na ce ruwan fa, kun ɗumama? Sunka ce a'a. Na ce ku ɗumama, ba ta son ruwan sanyi, ko alwala sai ta sa a rana. Juwairiyya ta ce haka ne, Inna ko gulbi ba ta taɓa zuwa ba saboda sanyi, ko bakinsa.

Na ce mi?

Ta ce wallahi tun tasowarta ba ta taɓa ganin ƙafar uwarta cikin gulbi ba.

Na buɗe baki sai wayar ta mutu. Ban ji ƙarshen ba. Ban san ko guntun likkafanin ya kai ƙafafun ba.

Asabar, 26 ga Agusta

Ya kai. Sun ƙara ƙyalle kaɗan daga ƙasa, in ji Juwairiyya. Maganin zan ba Bara'atu ta ƙetara da shi, wani na can ƙafafunsa sun kumbura. Gaisuwa sai an buɗe hanya. Ma'azu ya ce shi zai kai ni, a mota.

Na kwance naɗin na ninke. Nawa ne yanzu. Zai zagaye ni har a rasa inda nike ciki. Ta tahi da guntun ta bar ni da aiki, halinta ke nan.

Shekara da shekaru macen nan ta hana ni kifi a kan ƙafar da ko jiƙewa ba ta yi ba. In mun haɗu za ta gane.

Da yamma na ce Maigidana ya kai ni bakin ruwa ƙasan madatsa, inda masunta ke fitowa. Wai in ga ko an buɗe ƙofofi, kada ambaliya ta ci shinkafar Ma'azu. Ya tsaya nesa yana goge babur ɗin da ba datti. Ruwan ja ne, ya cika, yana ta sauri. La'asar ta same ni a wurin, buta kuwa na baro ta gida, shi ya sa. Alwala kawai na yi. Ƙafar ce na daɗe ban fiddo ba, saboda guiwa, an ce sanyi na yi mata magani.

Magaryar da kafur ɗin sun kwance daga bakin zane. Ban bi su ba.

Matar Shafi'u ta yi miyar kifi. Gishiri ya yi yawa.

Kai kuma mai leƙe, na san ba ka rufe ba. Baƙon nan, ruwan Gulbin Maraɗi ne. Ta bayan gidan Atika yake biyowa.