Inna, Mutanen Kebbe Sun Daina Cin Tuwona

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san saƙo ba ya zuwa inda kike, kuma na san waɗanda za su karanta wannan mutane ne masu latsa waya, wasu ma ban san su ba. To, su karanta. Ni dai da ke nake magana.

Kin rasu muna Kebbe, saboda haka ba ki san mun tashi ba. An mai da aikin surukinki Malam Bello zuwa Tambuwal. Da farko kullum da safe yake hawa babur ya tafi, ya dawo da yamma baya ya sage, fetur kuma yana cinye albashin tun wata bai raba ba. Rannan ya zaunar da ni ya ce mu auna garuruwan biyu mu ga inda zama ya fi sauƙi.

Kin san shi da son lissafi. Ya ce a Tambuwal sabulu ya fi araha, gishiri da man gyaɗa sun fi araha, domin duk abin da ya iso Kebbe sai an ɗora masa kuɗin mota. Asibiti kusa, makarantar yara kusa, babur zai huta. Na ce to haya fa? A Kebbe gidan namu ne. Ya ce abin da fetur ke ci ya isa haya har da saura. Na ga maganarsa ta zauna, na yarda, muka ɗaure kaya. Muka sa aka sussuke geron da ke rumbu, aka ɗura a buhuna, muka taho da shi da niyyar ya kai mu kaka.

Inna, abin da ba mu sani ba shi ne, a garin nan komai da bakinsa. Ruwan da kike ja a rijiyar tsakar gida, nan sai ɗan garuwa ya turo, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran kuɗinsa. Itacen da ake jibge mana a bayan ɗaki, nan ɗauri ne da bai fi hannun yaro ba. Nonon da ƙanenki Kawu Manu yake aiko mana daga Fakku cikin ƙwarya, nan da ludayi ake auna min shi, rabinsa ruwa. Hatta dusar akuya saye ake yi. Ranar da aka ce in biya kuɗin dusa sai da na yi dariya, na ɗauka tsokana ce.

Duk wannan da sauƙi. Abin da lissafin Malam Bello ya manta shi ne baƙi.

Ba mu daɗe ba labari ya zagaye Kebbe cewa Saratu ɗiyar Hajo tana Tambuwal. Shi ke nan, gidana ya zama masauki. Mai zuwa cin kasuwa, mai kawo mara lafiya asibiti, mai jiran motar Sakkwato, duk a ƙofata suke sallama. Kuma wallahi daɗi nake ji. In na ji harshen gida a zaure, sai in ji kamar ban yi ƙaura ba.

Na yi musu yadda na ga kina yi. Ina tuna ki da rana tsaka, kina jin sallama kin miƙe kin ɗauko akushi, ba ki ma leƙa kin ga ko wane ne ba. Sau ɗaya ina yarinya na tambayi wani baƙo ko ya ci abinci, kika ja ni ɗaki kika murɗe min kunne. Kika ce, "Mutanenmu da kunya. In kinka tambaye shi, hana shi kinka yi." Har yau kunnen yana tunawa.

To amma ke rumbu ne a bayanki, ni buhu ne a bayan ƙofa. Geron da muka ce zai kai mu kaka, ko ruwan farko bai sauka ba ya ƙare. Na fara sayen hatsi da tiya a kasuwa, daidai lokacin da ya fi tsada. Malam Bello bai taɓa yi min ƙorafi ba, Allah Ya saka masa. Sai dai na ga ya jingine babur a zaure, yana tafiya aiki da ƙafa, wai likita ya ce tafiya na da amfani. Wane likita, Inna? Mutumin da ko ciwon kai ba ya kai wa asibiti.

Maƙwabciyata Hajiya Larai, 'yar garin ce, mai kirki, ta ga halin da nake ciki. Ta ce, "Ke Saratu, nan ba ƙauye ba ne. Ki riƙa tambayarsu ko sun ci, ai ce miki za su yi sun ƙoshi." Na gode mata, domin da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma bakina ya kasa.

Ana nan Goggo Hansai, ƙanwar Baba, ta zo ganin likitan ido, ta yi 'yan kwanaki a wurina. Idon ne ke ciwo, amma babu abin da ya wuce ta. Ta ga ɗan garuwa ya juye ruwa na miƙa masa kuɗi, ta ce, "Hal ruwa?" Ta ɗaga ɗaurin itace ta jinjina, ta tambayi nawa, na faɗa mata, ta riƙe baki ta ce, "Wanga ɗan abu? Subhanallahi!" Ta ga na dawo daga kasuwa da hatsi a leda. Daga nan ba ta ƙara tambayar komai ba. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Ban san me ta faɗa a gida ba, amma na ga sakamakon. Inna, Kebbe gaba ɗaya ta zama garin waliyyai! Duk wanda ya yi sallama, kafin in ɗauko kwano zai ce azumi yake yi. Litinin azumi, Alhamis azumi, na ce to, sunna ce. Sai ga mai azumin Talata, ga na Asabar. Har Ɗanjuma direba, wanda kin sani ko na watan Ramadan da ƙyar yake kai shi la'asar, ya zauna a zaurena yana sunkuyar da kai wai ramuwa yake yi. Su gaishe ni, su yi salla, su ɗauki jakarsu tun kafin magariba su tafi.

Da farko dariya abin ya ba ni. Daga baya ya daina ba ni dariya.

Domin kuwa lissafin Malam Bello ya fara fita daidai. Hatsi yana kai mu ƙarshen wata, babur ya koma kan hanya, har nama muke sa wa miya ranar Juma'a. In wani ya tambaye ni a lokacin, sai in ce masa gaskiya Tambuwal ta fi Kebbe sauƙin zama. Amma ranar kasuwa sai in ɗora ƙaramar tukunya, in zauna ina kallon ta, raina a ɓace. 'Yan uwana suna tausayina, kuma tausayin nan yana mai da ni baƙuwa a wurinsu. Na ji tsoro, Inna. Na ji tsoron yarana su tashi a gidan da babu ɗan Kebbe ɗaya da ya san ɗanɗanon miyarsa.

Makon jiya Kawu Manu ya zo sayar da ɗan maraƙi. Ya tsufa, gemun ya yi fari fat, tafiyar ma sai da sanda. Ya yi sallama da hantsi, na shimfiɗa masa tabarma, na juya zan shiga madafa, ya ce, "Bari, ɗiyata, azumi nika yi." Mutumin da nonon shanunsa ya raine ni. Na ce to, Kawu, Allah Ya karɓa. Ya ɗan zauna ya tafi.

Bayan azahar na fita tasha karɓo ƙullin kuka da daddawa da Yaya Asabe ta aiko min ta hannun direba. Na zagaya bayan wata motar hatsi ina neman sa, sai na yi kiciɓis da Kawu. Yana tsugune a inuwar motar, ya juya wa mutane baya, da leda a hannunsa, yana cin dafaffen rogo da ƙuli, yana haɗiya da ƙyar ba ko ruwa.

Ya ɗago muka haɗa ido. Bakinsa cike, ya kasa taunawa, ya kasa haɗiyewa. Ban taɓa ganin kunya irin wadda na gani a fuskar tsohon nan ba, kuma don ni yake jin ta.

Kin san tarbiyyar da kika ba mu, ba mu cin abinci a gaban manya, balle matar aure a tsakiyar tasha. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na sa hannu a cikin ledarsa, na ɓallo rogo, na dangwali ƙuli, na kai baki. Ina taunawa hawaye na zuba, 'yan kamasho suna kallona, ban damu ba. Na ce, "Kawu, ka zo garina na ci naka. Saura ka ci nawa."

Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyag ga, halin Hajo kinka ɗauko duka." Ya ƙulle ledar, ya dafa sandarsa ya miƙe, ya biyo ni.

Abin da na samu a gida tuwon masara ne da miyar kuka, ba nama, man ma ɗan kaɗan. Na kai masa zaure na koma bayan ƙofa na tsaya. Malam Bello ya dawo ya tarar da shi yana ci, ya gaishe shi, ya shigo ya dube ni. Na ce masa in Kawu ya koma gida ya ba da labari, azumin mutanen Kebbe ya ƙare, kuma hatsin nan ba zai ƙara kai mu ƙarshen wata ba. Ya ce ya sani. Ya ce mu rage nama, mu sayar da akuya ɗaya, sauran Allah na nan.

Muna cikin wannan magana muka ji an ƙwanƙwasa kwano a zaure. Kawu Manu ne, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya cinye abin da aka ba shi a gidan wani ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Saratu, in da saura, a ƙaro."

Inna, na kankare tukunyar har ƙanzo na kai masa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu kuma Ya rufa mana asiri a garin mutane, Ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu, Ya haɗa mu da ke a gidan Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Saratu, daga Tambuwal.