Kada ka kashe kwamfutar falo

Yaya,

Na ga kofin shayinka kusa da kwamfutar falo, na san kai ne. Gida biyu na raba faifan ajiyarta. Ɓangaren da ka goge don fina-finanka su samu wuri ba fanko ba ne, muryar marigayiya Inna da hotunanta ne a ciki. Haba Yaya, da ka tambaye ni mana.

Na sa manhaja tana lalubo su, ban san ko za su dawo ba. Don Allah kada ka kashe ta, kada ka zuba komai kafin in dawo daga aiki, a kansu zai hau.

Baba ya tambaya, na faɗa masa. Ya kalli allon, ya sa takalminsa ya fita.