Jan Zaren Rariya

Litinin, 6 ga Oktoba

Ni, Babban Likitan Ciki da Hanji, wanda allurarsa ba ta kuskure, na buɗe wannan littafi da sunan Allah. Asibiti suka bayar, wai a riƙa rubuta abin da marar lafiya ta ci da abin da cikinta ya ce. Kwana tara yana kan firji ba wanda ya taɓa shi, shi ne na ga gara manya su shigo.

Marar lafiya: Yaya, tela, wadda ƙaninta ke kira Gimbiya. Cuta: siliyak. Hanjinta ne ba ya ga maciji da alkama, ko ƙurar fulawa aka ce. Don haka tukunyarta daban, cokalinta daban, rariyar tankaɗe garin shinkafarta daban, kowanne Umma ta ɗaura masa jan zare. Ra'ayin likita: rabi ciwo, rabi iyayi. Mun fara wani ɗan gwaji jiya. Sirri ne.

Laraba, 8 ga Oktoba

Amai sau uku. Zaryar banɗaki ban ƙirga ba. Ciki ya kumbura kamar ganga. Umma sai rantsuwa take, "Wallahi da rariyarki na tankaɗe, ga zaren nan." Gaskiya ne, ga zaren. Babban Likita ya ci gaba da rubutunsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Abin da ta ci yau: ruwa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kwana uku ke nan. Ruwa, baƙin shayi, ruwa. Tana zaune gaban keke ta danne ciki da filo, ɗinkin mutane ya taru a kwando. Ƙaninta, wani shashasha da ake ce wa Auta, ya leƙa ya ce, "Ranki ya daɗe, a kawo burodi ne ko a kira 'yan jarida?" Da can da sandar awon yadi za ta jefe shi. Yau ko kai ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Auta, ciwon yunwa na san shi. Nan yake ƙasan ƙirji, kamar ana matse wanki. Ya murɗa, ya saki. Wancan kuwa ban san ta inda yake shigowa ba. Gara wanda na sani."

Ya ce ai yunwa ma kisa take. Ta ce, "A hankali dai."

Zobenta ya fara juyawa a yatsa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Gwajin nan. Bari a rubuta, tunda ba mai karantawa.

Rariya biyu ce iri ɗaya, rana ɗaya aka saye su. An kwance zaren daga tata, an ɗaura a ta fulawa. Don a ga ko za ta gane. In ta ci lafiya lau, sai a tona a gaban kowa a sha dariya. Shi ke nan fa. Wasa.

Yau na shiga kicin in mayar da shi, na tarar Umma ta kwashe duk kayan jan zare ta zuba a kabad ta sa kwaɗo. Makullin na bakin zaninta. Ta ce, "Daga yau ko ƙuda ba zai sauka a kansu ba." Ta fulawar ce a ciki, an kulle ta kamar zinariya. Ta gaskiyar kuwa ga ta rataye a ƙusa, an tankaɗe fulawa da ita sau biyu. Yanzu babu mai tsabta ko ɗaya.

Wata nas a asibiti ta taɓa faɗa, ramukan rariya ba sa sakin gari ko an wanke. Na ɗauka kamar allo ne, a zuba ruwa ya koma fes.

Talata, 14 ga Oktoba

Umma ta lallashe ta tun hantsi. "Cokali biyu kawai, 'yar nan, don darajar nonon da kika sha." Ta buɗe kabad, ta tankaɗe, ta dama. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon garin yana sauka. Bakina ya buɗe. Na ce, "Umma, ina silifas ɗina?"

Cokali huɗu ta sha, don Umma ta ji daɗi.

Kafin la'asar tana durƙushe.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ta faɗi wajen keke, goshinta ya bugi ƙarfen. Da muka ɗaga ta, ba nauyi. Kamar na ɗauki kwandon yadi.

Ta ce ko shinkafa ma yanzu ta ƙi ta, to me ya rage. Ta ce kada a ƙara kawo mata komai. Umma ta zauna a ƙasan kicin tana duba tafin hannunta, gaba da baya. Na ji ta ce, "Hannuna ne. Ni nake kashe ta ban sani ba."

Gobe asibiti. Sun ce a taho da littafin.

Na iya yaga shafi ba a gane ba. Na gwada a na baya, ya fita tsaf.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ban yaga ba. Ba don komai ba, littafin ne zai yi sirara.

Na tafasa ƙwai biyu a tukunyar da na goge har hannuna ya yi ja. Ga ayaba. Duka da ɓawonsu, ita za ta ɓare da kanta, ba hannun kowa. Ba ta ci ba tukuna. Amma ba ta ce a ɗauke ba.

Yaya, shinkafa ba ta ƙi ki ba. Hannun Umma ma lafiyarsa lau. Ki duba shafin Lahadi, inda aka rubuta "an kwance". Babu wani an. Babban Likita ma babu shi, bai taɓa rubuta ko wasali ɗaya a nan ba.

Auta ne. Ni na kwance zaren.

Zan ajiye wannan kusa da ƙwan, in tsaya daga bakin ƙofa. Sandar awon tana hannun damanki.